Tsoffin Gine-ginen Birnin Kano: A Je A Gani Tun Suna Tsaye

Matafiyin da ya taso daga Anka, ko Gummi, ko Bukkuyum, ya biyo ta Gusau da Malumfashi ya kama hanyar Gwarzo, ta Ƙofar Kabuga ya ke shiga birnin Kano. Galibin matafiya ba sa ko ɗaga kai a wannan wuri, hankalinsu yana kan cinkoson motoci da zuwa masauki da wuri. Alhali kuwa ta wannan shiyya ce sojojin Ingila, a ƙarƙashin Kanar Morland, suka fasa ganuwa suka shiga birnin ran 3 ga watan Fabrairu na 1903, sa'ad da Sarki Alu ya ke kan hanyarsa ta dawowa daga Sakkwato. Kafin watan ya ƙare ne kuma rundunar Kano ta yi karo da su a Kwatarkwashi, cikin ƙasar Zamfara, inda Waziri Ahmadu ya rasu a fagen fama.

Bisa ga rahoton da Lugga ya aika wa gwamnatinsa, ganuwar da sojojin nan suka tarar kewayenta mil 11 ne, tana da ƙofofi 13, tsayinta daga ƙafa 30 zuwa 50, kaurin gindinta kuwa ƙafa 40. Wanda ya nemi wannan ganuwa a yau ba zai same ta haka ba. A wasu wurare ta zama tudun ƙasa, a wasu an yanka ta an yi shaguna da gidaje, a wasu kuwa ko alamarta babu. Duk da haka, abin da ya rage na tsohon birnin ya isa a yi tattaki dominsa, kuma yini guda ya wadatar ga wanda ya san inda zai nufa.

Daga Kan Dala

Ya kamata baƙo ya fara da Dutsen Dala, da sassafe, tun rana ba ta yi zafi ba. An yi wa dutsen matakala, saboda haka hawansa ba shi da wuya. Daga bisansa mutum zai hangi Goron Dutse ta yamma, da hasumiyoyin babban Masallacin Juma'a ta kudu, da unguwannin birni a shimfiɗe, lungu yana bin lungu. A gindin wannan dutse ne Kano ta samo asali. Masu binciken abubuwan da ke binne a ƙasa sun sami alamun narkar da tama a nan, waɗanda aka kimanta shekarunsu zuwa ƙarni na bakwai na Miladiyya. Watau maƙera sun riga sarakuna zama a wurin. Littafin Tarihin Kano ya ba da labarin Barbushe da tsafin Tsumburbura a kan dutsen, sa'an nan da zuwan Bagauda, wanda a ke ƙidaya farkon sarautarsa daga shekarar 999.

Jikan Bagauda, Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ne ya fara ginin ganuwa, ɗansa Yusa, da a ke kira Tsaraki, ya ƙarasa. Bayan haka an faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, aka sake faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Nazaki, cikin ƙarni na 17. Wanda ya ke tsaye a kan Dala zai gane cewa masu ginin sun kewaye fili mai yawa fiye da abin da gidajen lokacin su ke bukata. Dalili kuwa shi ne, ganuwa ba ta gidaje kaɗai ba ce. An bar gonaki da makiyaya da tafkuna a cikinta, domin in abokan gaba suka kewaye gari, mutanen ƙauyuka su shigo da dabbobinsu, a yi noma a ciki, yunwa ba ta ci gari ba. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda a ƙasar nan aka san shi da suna Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya kuma tarar da yawancin filin da ke cikin ganuwa gonaki ne.

Kurmi Da Marinar Ƙofar Mata

In aka sauko daga Dala, sai a bi ta cikin unguwanni zuwa Kasuwar Kurmi, a bakin Jakara. Rumfa ne ya kafa ta, kuma ita ce ta yi shekaru ɗaruruwa tana karɓar ayarin Arewa masu zuwa da gishiri da kayan Tarabulus, da fataken Gwanja masu zuwa da goro. Gaskiyar tarihi kuma ta wajabta a faɗi cewa har bayi an sayar a cikinta. Rumfunan da a ke gani yanzu na baya-bayan nan ne, don an sake fasalin kasuwar a farkon zamanin Turawa, amma ƙuncin layukanta da yadda kowace sana'a ta ke da nata sashe, dukawa a gefe, masu kayan doki a gefe, masu littattafai da masu turare a nasu, duk tsohon tsari ne.

Abin da ya ɗaukaka Kurmi a idon duniya shi ne tufa. Barth ya kimanta cewa abin da a ke kai wa Tambutu kaɗai na saƙin Kano da rininta ya kai kayan raƙuma 300 a kowace shekara. Mai son ya ga yadda a ke wannan rini sai ya nufi marinar Ƙofar Mata, wadda a ke danganta kafuwarta da shekarar 1498. A nan zai ga ramukan rini a jere, zai ga yadda a ke haɗa baba da toka da ruwa a bar su su kwana har su nuna, zai ga marini yana tsoma zane yana ɗagawa domin iska ta buge shi, don kuwa iskar ce ke mai da launin ya zama shuɗi. A kusa kuma zai ji amon masu bugu suna dukan tufa a kan gungume har ta yi sheƙi. Abin baƙin ciki shi ne, ramuka da yawa sun bushe, wasu sun cika da shara, saboda yadin waje da rinin zamani sun karya kasuwar.

Akwai wata alaƙa tsakanin marina da gini wadda mutane da yawa ba su sani ba. Laka da ke taruwa a gindin ramin rini, ita a ke kwashewa a busar a ƙone ta zama katsi. Katsin nan kuwa, in aka haɗa shi da gashin jima da ruwan dafara, shi ne laso, watau sumuntin magabata, wanda a ke shafe rufin soro da shi don kada ruwa ya ratsa, a ke kuma daɓe ramin rinin kansa da shi. Ashe ke nan marini da majemi da magini duk hannunsu a haɗe ya ke, in sana'ar ɗaya ta mutu sai ta ja ta ɗan'uwansa.

Gidan Rumfa Da Gidan Makama

Daga Ƙofar Mata, hanya ta miƙe zuwa babban Masallacin Juma'a da fadar Sarki. Masallacin da a ke gani yanzu an gina shi a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, a farkon shekarun 1950, a gurbin tsohon masallacin ƙasa. Shi kansa abin kallo ne, amma tsohon da ya gada, tare da doguwar hasumiyarsa ta ƙasa, sai dai a hoto.

Gidan Rumfa, watau gidan Sarki, ya mamaye fili wajen eka 33. Tun ƙarshen ƙarni na 15 sarakunan Kano su ke zaune a cikinsa, na Haɓe da na Fulani, ba tare da an taɓa barinsa ya zama kango ba. A zamanin mai ginin gidan ne Shehu Magili ya sauka Kano ya rubuta wa Sarki littafinsa a kan hukunce-hukuncen mulki. Gida ne na iyali, saboda haka baƙo ba ya wuce inda aka iyakance masa, kuma sai da izini. Amma ko daga waje zai ga Ƙofar Kudu, wadda Sarki Abdullahi Maje Karofi ya gina a ƙarni na 19, da filin da a ke jahi ranar hawan Daushe. Wanda ya yi sa'ar shiga soraye irin su Soron Ingila zai ga iyakar gwanintar maginan Kano, a rufi da zane da fenti.

Inda baƙo zai fi sakewa ya duba gini a tsanake shi ne Gidan Makama, wanda ke daf da fada. An ce a nan Rumfa ya zauna tun yana riƙe da sarautar Makama, kafin ya gina sabon gidan. Bayan 1903 Turawa sun mai da wani sashensa ofis. Yanzu gidan adana kayan tarihi ne a hannun Gwamnatin Tarayya, kuma a cikinsa akwai tsoffin ƙyamaren ƙofofin gari, da sulke da lifidi, da hotunan birnin na farkon ƙarni na 20. To amma ginin kansa shi ne babban abin nuni, kuma ya kamata mai ziyara ya ɗaga kai ya dubi rufin zauren da ya shiga.

Hikimar Magina

Matsalar da maginin ƙasar Hausa ya fuskanta tun fil'azal ita ce rashin dogon katako. Itacen da ya dogara da shi shi ne azara, wadda a ke tsagawa daga giginya, saboda gara ba ta cinta. Amma azara ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa in tazarar ta wuce ƙafa shida ko bakwai. Da haka aka tsaya, da duk ɗakunan Hausa sun zama 'yan ƙanana. Sai magina suka ɓullo da baka. A kan dasa azara a cikin bango tana leƙowa, a ɗora wata a kanta ta ƙara leƙowa, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, daga bangon nan da wancan, har su haɗu a tsakiya su yi lanƙwasa kamar bakan gizo. In bakuna suka gitta juna a tsakiyar ɗaki, shi ne ɗaurin guga, kuma a kansa a ke ɗora tulluwa. Da wannan dabara ce aka sami zauruka masu faɗi da tsawo waɗanda ba ginshiƙi a tsakiyarsu. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, cikin rabin farko na ƙarni na 19, shi ne a ke buga misali da shi a wannan fanni.

Shi kuwa bango da tubali a ke yinsa, wanda a ke mulmulawa da hannu, gindi da faɗi, kai a tsuke, a shanya a rana. A kan fara bangon da kauri daga ƙasa, yana tafiya yana sirancewa. Kaurin nan ne ke riƙe sanyin dare ya sake shi da rana, shi ya sa tsohon soro ya ke da sanyi a tsakiyar bazara, lokacin da ɗakin bulo da kwano ya ke kamar tanda. A waje kuma a kan shafe bango da makuba, wadda a ke yi da ɓawon ɗorawa, a sa indararo ya riƙa watsa ruwan sama nesa da gindin gini, a ƙawata kusurwoyi da zanko. Wanda ya ke so ya ga duk waɗannan a wuri guda sai ya ƙarasa yininsa a Gidan Ɗan Hausa, a Nassarawa, inda Hanns Vischer ya zauna sa'ad da ya buɗe makarantar boko a 1909. Gidan yana hannun hukumar tarihi da al'adu ta Jihar Kano.

Abin Da Ke Cinye Su

Ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da hannu a kansa. Kowace damina tana zaftare masa wani abu, kowane rani kuma dole a mayar masa da abin da ya rasa. A zamanin da, bayan an kawar da amfanin gona, Sarki kan ba da umurnin aikin ganuwa, a raba ta sashe-sashe ga hakimai da masu unguwanni, kowa ya fito da mutanensa, Sarkin Gini da maginansa suna duba aiki. Ƙasar kuwa daga kududdufan da ke kusa a ke haƙo ta, su kuma kududdufan su ne ke shanye ruwan gari da damina. Da Turawa suka ci ƙasa, yaƙi ya ƙare, sai dalilin wannan aiki ya kau, ba a kuwa kafa wani tsari da zai maye gurbinsa ba. Tun daga nan ganuwa ta fara komawa ƙasar da aka ɗebo ta.

Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da ganuwa ta zama ba ta da mai ita, sai masu neman ƙasar gini suka riƙa ɗiba, masu neman fili suka riƙa matsowa, aka riƙa cike kududdufai a na gini a kansu, abin da ya ƙara wa unguwanni ambaliya. Faɗaɗa tituna kuma ya ci ƙofofi. A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa, mai shekaru ɗaruruwa, domin aikin hanya, aka gina wata da sumunti a madadinta. Ƙofofi da dama da baƙo zai wuce ta ƙarƙashinsu a yau irin wannan ne, suna ne na da, gini kuwa na jiya.

Ba rashin doka ne ya jawo haka ba. Tun 1953 akwai dokar kiyaye kayan tarihi, kuma Doka ta 77 ta 1979 ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda ganuwar Kano da Gidan Makama su ke cikin abubuwan da aka damƙa mata. A 2007 an sa ganuwar da wuraren da ke tattare da ita cikin jerin wuraren da Nijeriya ta ke nema wa shiga kundin tarihin duniya na hukumar UNESCO. Sukur ta Jihar Adamawa ta shiga kundin a 1999, kurmin Osun na Oshogbo ya shiga a 2005, Kano kuwa ta tsaya a bakin ƙofa. A watan Disamba na 2024 hukumar ta karɓi hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya. Abin alfahari ne, amma yana da kyau a tuna cewa hawan yana bukatar fada da ƙofofi da tsoffin unguwannin da zai ratsa.

Darasi Daga Wasu Birane

A ƙasar Beljiyam, a lardin Filanda, akwai wani birni da a ke kira Buruj, wanda tarihinsa ya yi kama da na Kano. Shi ma da cinikin tufa ya yi arziki, shi ma ganuwa da ƙofofi suka kewaye shi, shi ma kasuwarsa ta karye, sa'ad da yashi ya toshe mashigin ruwan da ke haɗa shi da teku, wajen shekarar 1500. Ganuwarsa ta tafi, ƙofofi huɗu kaɗai suka rage. Amma mutanen garin ba su yanka gurbin ganuwar sun raba ba, sai suka bar shi ya zama wurin itatuwa da shan iska, ta yadda har yau mutum zai bi sawunta ya san iyakar tsohon gari. Tun cikin ƙarni na 19 majalisar birnin ta fara taimaka wa masu tsoffin gidaje da kuɗin gyara, bisa sharaɗin kada su sake wa gidan kama. Hasumiyar kasuwarsu, mai tsayin mita 83 da matakala 366, tana nan tsaye. A shekarar 2000 aka sa tsohon birnin cikin kundin UNESCO, kuma miliyoyin baƙi ke zuwa kallonsa kowace shekara, dubban mutanen gari suna cin abinci ta wannan hanya.

Mai karatu zai iya cewa ai nasu ginin jan bulo ne da dutse, namu kuwa ƙasa ce. Haka ne, amma amsar tana nan kusa. A Jenne ta ƙasar Mali, babban masallacinsu na ƙasa, wanda aka sake ginawa a 1907, duk shekara mutanen gari kan fito, maza da mata da yara, su yaɓe shi cikin yini guda, kamar ranar salla. A Agadas ta Jamhuriyar Nijar, hasumiyar masallaci mai tsayin mita 27, ita ma ta ƙasa ce da itace, kuma tsohon garin ya shiga kundin duniya a 2013. Abin da ya riƙe waɗannan gine-gine shi ne aikin gayyar da Kano ta bari.

Aikin Da Ke Gaban Kowa

Abin da a ke bukata a bayyane ya ke. Da farko a auna abin da ya rage na ganuwa, a kafa masa iyaka a taswira, kada wani ofishin filaye ya sake ba da takarda a kansa. Na biyu a ware kuɗin yaɓe a cikin kasafin kowace shekara, kome ƙanƙantarsu, don kuwa gyaran shekara-shekara ya fi sauƙi bisa ga tayar da abin da ya faɗi. Na uku a riƙa ba maginan gargajiya aikin gwamnati, a haɗa su da ɗaliban fasahar gini na jami'o'i da kwalejoji, domin ranar da mai iya ɗaurin guga na ƙarshe ya kwanta dama, ko an sami kuɗi ba a sami hannu ba. Duk waɗannan ayyuka ne da ke bi ta kan teburin ma'aikacin gwamnati, mai auna fili, da injiniyan hanya, da mai tsara kasafi. Su kuwa malaman makaranta, kai ɗalibai Gidan Makama da Dala sau ɗaya a shekara ba ya cin kuɗi mai yawa.

Mutanen ƙasar Zamfara sun san yadda birni ya ke ɓacewa. Birnin Zamfara, wanda Gobirawa suka ci a zamanin Babari cikin shekarun 1760, ya zama kufai, sarakunansa suka yi ta sauya mazauni har suka zauna a Anka. Alƙalawa, wadda ta gaje shi, ita ma ta faɗi a 1808. Waɗannan yaƙi ne ya ci su. Tsohon birnin Kano kuwa ya tsallake yaƙe-yaƙe na shekaru ɗari takwas, abin da ke cinsa yanzu sakaci ne cikin zaman lafiya. Kuma ba Kano kaɗai ba, kusan kowane tsohon gari a ƙasar Hausa yana da ragowar ganuwa, ko zauren wani basarake, ko tsohon masallaci da ke jiran mai ɗaukar hotonsa, ya auna shi, ya rubuta abin da dattawa suka sani a kansa.

Saboda haka, duk wanda harka ta kai shi Kano, ɗalibi ne ko ma'aikaci, ya daure ya ware yini guda. Ya hau Dala da safe, ya ratsa Kurmi da marina kafin azahar, ya shiga Gidan Makama ya dubi rufinsa, da la'asar kuma ya bi gefen ganuwa daga Sabuwar Ƙofa zuwa Ɗan'agundi. Gani ya kori ji, kuma wanda ya gani da idonsa ba zai yi saurin sa hannu a takardar rushewa ba.